Takardar Baba Makokha

Da Situma zai koma aikinsa a Nairobi, abu ɗaya ya bar wa matarsa Naliaka.

"Kafin kowa ya hau rufin nan, ki ce Baba Makokha ya nuna miki takardar inshorar ma'aikatansa. Ki gani da idonki, kin ji?"

Ta ce to. Amma Baba Makokha, mai kwangilar rufin ɗakinsu, ƙanin mahaifin Situma ne, wato surukinta. A garinsu Bungoma matar ɗa ba ta ba suruki hannu, ba ta zama kusa da shi, balle ta tsare shi da tambaya kamar ɗan sanda. Ranar da ya iso da mutanensa da sababbin kwanukan rufi, ta aje musu shayi a gindin mangwaro ta tsaya daga nesa. Maganar ta zo mata har maƙogwaro.

"'Yata, akwai wani abu ne?" in ji tsohon.

"Babu, Baba. Sukarin ya ji?"

Da Situma ya kira ya tambaya, ta ce, "Na gani." Bakin ne ya faɗa kafin ta yi tunani.

Ana tsakiyar aikin aka yi yayyafi da hantsi. Wanyonyi, mai buga ƙusa, yana ta tsokanarta daga sama.

"Maman gida, in tuwon yau ya yi kaɗan irin na jiya, zan bar miki rami daidai kan gadonki!"

Tana cikin dariya ƙafarsa ta zame a kan jiƙaƙƙen kwano. Ƙarar faɗuwarsa ba ta da yawa, kamar an sauke buhun masara. Ƙugunsa ya karye.

Tun daga nan Baba Makokha bai sake zuwa ba, rabin ɗakin kuma ya zauna a buɗe. Naliaka ta kan ɗora tukunya ta manta da ita har ta ƙone.

Sai ga matar Wanyonyi ta zo da goyo a bayanta, ƙafafunta duk jar laka. Nanjala sunanta. Ta zauna a bakin ƙofa, ta karɓi ruwa, har da murmushinta.

"'Yar'uwa, Allah ya yi wa mijinki albarka. Na kira shi, ya ce in kwantar da hankalina, akwai inshora, ke kin ga takardar. Likita ya ce sai an sa masa ƙarfe, in ba haka ba ya daina hawa tsani ke nan. Sunan kamfanin kawai suke so. Baba Makokha ba ya ɗaukar waya."

Naliaka ta dubi jaririn da ke barci, bakinsa a buɗe.

"Ban gani ba."

"Kin manta sunan? Ba komai, ki tuna a hankali."

"Ban tambaye shi ba, Nanjala. Kunya na ji."

Nanjala ta aje kofin a ƙasa. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi.

"Kunya," ta ce. "To, ni me zan je in gaya masa a asibiti?"

Naliaka ta ɗauko waya ta kira mijinta. Ta buɗe muryar wayar yadda Nanjala za ta ji komai.

"Maigida, ƙarya na yi maka. Ka nemi hutu ka zo gida. Wanyonyi ba shi da kowa yanzu sai mu."