Saura Mutum Ɗaya

Shekara shida Safiyanu ya yi a Alkahira yana wankin mota, kullum a jirgin ƙarƙashin ƙasa yake zuwa aiki. A can ba a yi wa jirgi gudu. In wannan ya cika sai ka ja baya, kafin minti uku iska ta buso daga cikin ramin, wani ya iso. Abin ya bi jikinsa har ya daina lura.

Ranar da ya sauka a Potiskum, kawunsa Bubayaro ya kira shi a waya.

"Mahaifiyarka Dada tun asuba sunanka take kira. Jikin ya yi tsanani. Kada ka tsaya ko'ina."

Wuri ɗaya ya tsaya, gidan abokinsa a unguwar Yerimaram. Ya yi wanka, ya sa farar shadda. So yake mahaifiyarsa ta gan shi fes.

A tasha ya tarar motar ƙauyensu, Wuro Joda, ta kusa tashi. Umara ɗan kamasho yana dukan bayanta da tafin hannu.

"Saura mutum ɗaya! Kai, ɗan Masar, shigo!"

Safiyanu ya leƙa. Wurin da ya rage tsakanin jarkar manja ne da wani bunsuru ɗaurarre. Ya dubi shaddarsa. Ƙafarsa da kanta ta ja baya.

"Bari in jira ta gaba."

Umara ya tura wata mai nono ciki, ya rufe ƙofa. Mota ta tafi.

Safiyanu ya duba agogo. Minti uku. Minti goma.

"Malam Umara, ina ta gaban?"

"Wace ta gaba?" Umara ya fashe da dariya. "Ai ita ce ta gaba, ita ce ta baya. Sai ta je ta dawo, in rafi ya bar ta."

Masu keke-napep suka ƙi hanyar, damina ta cinye ta. Sai bayan la'asar motar ta dawo. Shi ya fara shiga, ya samu gidan gaba.

Da ya isa, maza na dawowa daga maƙabarta, ƙafafunsu duk laka. Bubayaro ya daɗe yana kallon shaddar, babu ko ɗigo a jikinta.

"Da motar farko ta tsaya, Dada ta ɗaga kai," in ji shi. "Ta ce a duba ko kana ciki."

Bai koma Alkahira ba. Yanzu wankin mota yake yi a bakin tashar. Wani lokaci, rana tsaka, yakan ji iskar ramin nan mai sanyi a ƙeyarsa. Sai ya ajiye soso, ya ƙirga minti uku. Babu abin da ke isowa.

In kuwa aka ce saura mutum ɗaya, kafin a rufe baki yana tsaye a ƙofar motar, hannunsa na ɗigar kumfa.

Umara ya daina yi masa dariya. Yakan dafa kafaɗarsa kawai.

"Koma, Safiyanu. Waccan ta riga ta tafi."