Tayar da Ke Jan Dogo Dama

Dogo mai fenti bai yarda da duk abin da ke girgiɗi ba. Shekara da shekaru yana saman tsani, amma har gobe ba ya taka matakin farko sai ya jijjiga shi, ya duba ƙafafunsa, ya cusa ɗan katako inda ƙasa ba ta daidaita ba. Shi ya sa mutane suka riƙe baki da ya sayo keken lantarkin nan mai taya ɗaya, wanda ba kujera ba abin riƙewa, sai faranti biyu na ɗora ƙafa, ka tsaya ka karkata gaba ya tafi da kai. Gwiwarsa ce ta gaji da tuƙa keke, shi kuma ya gaji da matsatsin motar haya. Ya sha ƙasa da farko har matarsa ta daina yi masa sannu, amma da ya goge, sai dai ka ga ya wuce tsaye ƙyam da jakar buroshi a baya.

Da tayar ta cinye ta koma sumul, ya kai wa amininsa mai faci. Mai faci ya fito da tayoyi uku da za su shiga. Dogo bai tsaya tambaya ba, ya yi musu gwajin da yake yi wa tsani: ya tsayar da kowacce a kan siminti ya saki. Biyu suka kife. Ta ukun, mai faɗin fuska irin ta babur mai ƙafa uku, ta tsaya abinta.

"Wannan za ka sa," in ji Dogo. "Wadda ta kasa tsayar da kanta ce za ta tsayar da ni?"

"Ni dai ban taɓa sa wa wannan abin naka taya ba," in ji mai faci, "amma maganarka da ƙamshin gaskiya."

Bai ko karɓi keken ba aka bugo masa waya, yayansa ya faɗi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Dogo ya yi makonni tsakanin asibiti da gidan Yaya, ya manta da wani keke balle taya. A can ne matar Yaya ta riƙa maimaita wa duk wanda ya zo dubiya yadda abin ya faro: wai an daɗe in yana tafiya sai ya riƙa karkata dama, yana bugun bakin ƙofa da kafaɗa, ba wanda ya ɗauka wani abu ne.

Ranar da Dogo ya karɓo kekensa da sabuwar taya ya hau, bai yi nisa da gida ba ya ji ana jansa dama. Ya gyara tsayuwa, aka sake ja. Ya danna ƙafar hagu da ƙarfi har cinyarsa ta riƙe, amma da ya ɗan sassauta sai ya ga ya nufi kwata. A hanyar dawowa ma haka, daman dai. Washegari haka, jibi haka. Ko sau ɗaya taya ba ta faɗo masa a rai ba. Abin da ya tsaya masa a zuciya guda ne: uwa ɗaya uba ɗaya suke da Yaya, abin da ya kayar da Yaya ya biyo shi.

Tsoro ya kama shi sosai. Mai fenti in ƙafa ta daina riƙe shi a tsani, sana'a ta ƙare, sauran kuma ya gani da idonsa a gadon Yaya. A wurin aiki ya bar wa abokin aikinsa silin da saman bango, shi ya durƙusa yana shafar gindin bango, wai gwiwa ce ta motsa. A gida yana tafiya yana dafa bango a fakaice. In ya shiga banɗaki ya tsaya gaban madubi ya washe baki ya ga ko gefe ɗaya ya sauka. Matarsa kuwa bai ce mata uffan ba, don Dogo irin mazan nan ne da ke ganin in sun yi shiru sun rage wa iyali nauyi.

Da abin ya ishe shi, wata safiya ya ce mata zai je ganin wani aiki, ya ɗau hanyar asibiti. Keken ya hau, don in ya bar shi a gida sai ta tambayi dalili. Ana ta jansa dama yana ta salati, har ya iso wani dogon titi da aka haƙe ɓarin dama ana binne bututun ruwa. An kafa shinge, an tura kekuna da babura gefen hagu. Dogo ya tsallaka ya bi sahu.

Sai aka ja shi hagu.

Ya ce a ransa shikenan, har ɗaya ɓarin ya kama. Ya sauka ya zauna a kan wani bututu, zufa na keto masa ta ƙarƙashin hular kwano. Yana zaune yana kallon ruwan da masu haƙa suka zubar yana gangarawa daga tsakiyar titi zuwa kwatar hagu, sai idonsa na mai fenti, wanda ba ya ganin abu karkatacce ya ƙyale, ya tsaya a kan kwaltar. Titin ba shimfiɗe yake ba. Tsakiyarsa a tashe take, kowane gefe ya zubo wajen kwatarsa. Kullum a dama yake tafiya, zuwa da dawowa, kullum kwata na damansa. Yau ne kaɗai ta koma hagu.

Ya miƙe tsam. Ya shiga wani layi da ba motoci, ya bi gefen dama, aka ja shi dama. Ya koma gefen hagu, aka ja shi hagu. Ya hau tsakiyar titi, keken ya miƙe sak ba gardama. Ya sake, ya kuma sakewa, har wata mai shago ta fito tana kallon dattijo da furfura yana kai-kawo yana dariya shi kaɗai.

"Baba, lafiya?"

"Lafiya lau, 'yata! Lafiya ce ma ta yi yawa."

Ya jingina da bangon shagonta ya yi hamdala. Wani sanyi ya sauko masa tun daga ƙeya har tafin ƙafa. Rabon da ya ja numfashi ya cika ƙirji haka tun kafin Yaya ya faɗi.

Tunda ya kusa, ya ƙarasa asibitin. Likita ta sa shi ya yi tafiya a kan layi, ya rufe ido ya taɓa hanci, ya ɗaga hannuwa, ta auna jininsa. Ta ce jinin ya ɗan hau, ya rage gishiri ya dawo a sake dubawa, sauran kuwa ƙalau. Da ya ba ta labarin kwata sai da ta ajiye biro ta yi dariya.

Daga nan bai zame ko'ina ba sai wurin mai faci.

"Kai, maƙiyina, fito! Ka kusa kashe ni da raina."

Mai faci ya leƙo daga bayan tulin tayoyi yana goge hannu. "Wa na kashe kuma da tsakar rana? Ni da na ce ko ka sayar da abin ne, na ga ka daina tsayawa gaisuwa."

Dogo ya zayyana masa komai, har da madubin banɗaki. Mai faci ya yi dariya har ya zauna a kan bokitin ruwan gwada tub ɗin taya, sannan dariyar ta ɗauke, ya dube shi. "Amma kai ma dai, Dogo. Duk wannan a cikinka, ko ni ba ka gaya wa ba?"

"Bar wannan. Fito min da tayoyin nan biyu da na raina."

Aka fito da su. Suka durƙusa su biyu suna juya su. Mai faci ya dafa wadda ke jikin keken ya kwantar da ita kaɗan a kan gangaren bakin shagon. Faɗin fuskarta ya manne da ƙasa, duk inda ƙasa ta karkata sai ta ja keken can.

"Ka gani? Wannan an yi ta ne don abin da ba ya kwanciya a kwana. Naka kuwa da kwanciya yake juyawa. Da na yi tunani tun ran nan."

"Ni na zaɓa da hannuna, ba ruwanka."

Cikin biyun, ɗaya mai manyan haƙora ce irin ta shiga laka, ɗayar kuma bayanta a zagaye yake da ƙananan zane na korar ruwa. Idon Dogo ya fara zuwa kan mai haƙoran, don ta fi kama da abin da za a dogara da shi. Mai faci ya buge masa hannu.

"Halinka zai sake motsawa. Gona kake zuwa? Kwalta ce daga gidanka har wurin aiki. Wannan za ta yi ta kuka a titi, ta sha maka batir, ka dawo ka ce min kunnenka ne ya lalace."

Dogo ya ɗauki mai zagayen ya tsayar da ita a siminti ya saki. Ta yi ɗan layi ta kife. Ya daɗe yana kallonta, don har ga Allah zuciyarsa ba ta so ba.

"Sa ta," ya ce. "Amma kada ka ɗaure murfin keken sai na gwada."

Kwance keken ya ci lokaci, ga ƙananan kusoshi, ga wayar inji da ba a so a ja. Dogo ya riƙe, mai faci ya kwance, suna ta zolayar juna. Mai faci ya duba kibiyar da ke gefen tayar don kada ya sa ta a juye, ya ba ta iska ya rage kaɗan. Dogo ya hau ya bi gefen dama, daf da kwata, inda gangaren ya fi tsanani. Ya jira a ja shi. Ba wanda ya ja shi. Ya yi kwana a ƙarshen layin, keken ya kwanta ya tashi da shi a hankali yadda ya saba. Ya dawo yana ɗaga wa mai faci hannu biyu, kamar yaron da aka saya wa sabon takalmi.

La'asar ta yi sanyi ya shiga gida yana fito. Matarsa na zaune a falo tana ninke wanki. Ya cire hular kwano ya zauna a hannun kujera, ya fara ba ta labari da sigar ban dariya, yana kwaikwayon yadda ya zauna a kan bututu yana bankwana da duniya. Ya kai wurin da mai faci da likita suka yi dariya, ya dakata. Ita ba ta yi ba. Ta ajiye rigar da ke hannunta a kan cinya.

"Taya," ta ce.

"Taya, wallahi. Likita ma ta duba ni, ƙalau nake."

"Baban yara, kana zaton makauniya ka aura? Na ga kana dafa bango. Na ga rigarka ta daina dawowa da ɗigon fenti a kafaɗa, sai a gwiwar wando. Na jira ka faɗa, ka ƙi."

Dogo ya sunkuyar da kai, ta ci gaba.

"In ka fita aiki gidan Yaya nake zuwa. Ba dubiya ba. Matarsa nake roƙo ta koya min yadda ake juya mutum a gado, yadda ake ɗaga shi a zaunar da shi a kujera, yadda ake ba shi ruwa bai ƙware ba." Ta dube shi. "Har na iya. Ni kaɗai nake ɗaga Yaya yanzu, ka kuwa san nauyinsa."

Kunya da tausayi suka rufe Dogo lokaci guda. Ya sauko daga hannun kujerar ya durƙusa gabanta, gwiwar da ke ciwo ta yi ƙara bai kula ba.

"Ki yafe ni, Maman yara."

Ta miƙo masa hannu. "Kama da hannunka na dama. Matse."

Ya matse a hankali.

"Ba wasa nake ba. Matse da ƙarfinka."

Ya matse da hannun da ya yi shekaru yana riƙe tsani.

"Wayyo! Sake ni, mugu, za ka karya min yatsu!"

Ta fizge hannun tana yarfewa, sai dariya ta kubce mata, kuka ya biyo baya, ta kifa fuska a kan wankin da ta gama ninkewa. Dogo ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta ya bar ta ta yi mai isarta.