Hawa na Biyu, Ƙofa ta Uku

A gidan su Malama akwai wani baƙin allo a bangon kicin, kuma in gaskiya ake so, shi ke mulkin gidan. Duk wanda ya ji labarin mai bukata, a coci ne ko a layi ko a asibiti, sai ya zo ya ɗauki alli ya rubuta. Doka ɗaya Mama ta kafa tun farko: ba a rubuta sunan kowa, don rufin asiri. Sai dai a ce, "Tsoho mai ciwon ƙafa, shuɗiyar ƙofa bayan famfo," ko "Mai jego ba ta da kowa, kusa da masu walda." Ran Asabar da safe, in an gama addu'a, sai a tsaya gaban allon a raba aiki. Baba ya ɗauki akwatinsa na kafinta, ya tafi gyaran ƙofofi da gadaje. Auta, wanda gemu ya cika wa fuska amma sunan ya ƙi sakinsa, shi ke tuƙa tsohuwar motar. Mama kuwa nata aikin wankin kai ne da kitso da yankan farce, ga matan da ba sa iya yi wa kansu.

Malama ita ce babbar 'ya, a gida Babba ake ce mata. Shekararta talatin da shida, tana koyarwa a sakandare, kuma tun tana 'yar shekara tara take riƙe wa Mama tawul. Ta ga hannun Mama a kan mata fiye da ɗari, amma ta kasa tuna ranar da ya sauka a nata kan. Tana ƙarama maƙwabciya ce ke yi mata kitso, don Asabar ta masu bukata ce, Lahadi ta Ubangiji, sauran ranaku kuma Mama a gajiye take. Shekara biyu ke nan da ta kama ɗakin haya a wani bene, Mama ba ta taɓa lekawa ba. Ranar da za ta tare, rufin wata gwauruwa ya rufta, kowa ya yi can, Auta kaɗai ya kai mata kaya. Bayan nan kuwa, tunda kowane mako tana zuwa gida da ƙafarta, me za a je yi? A coci da su ake buga misali, ita kuma ta yi murmushi ta ce an gode.

Sai ga shi ta zame a matakalar makaranta, hannun dama ya karye, aka ɗaure shi da filasta har mako shida. Mama ta kira ta a waya ta yi mata addu'a mai tsawo, har da hawaye, don Mama ba ta iya addu'ar wasa ba. Da ta ce amin sai ta tambaya, "Babba, kina bukatar wani abu?"

"Ba komai, Mama."

Mama ta yarda. Kullum yarda take yi.

A mako na uku kan Malama ya fara gaya mata magana. Ta gwada wankewa da hagu, sabulu ya cika mata ido, filasta ta jiƙe, ma'aikaciyar asibiti ta yi mata faɗa kamar 'yar firamare. Gashin ya cukurkuɗe a ƙarƙashin ɗankwali, ga ƙaiƙayi. Kada a ce ba mafita: akwai shagon gyaran gashi a ƙasan benensu, kullum ta gabansa take wucewa. Ba ta shiga ba.

Duk da haka ran Asabar ta bi su, tawul a kafaɗa. Aka shiga ɗakin Kaka Mai Rediyo, wata makauniyar tsohuwa da 'ya'yanta suka watse suka bar ta da rediyon da ba a kashewa. Mama ta dafa ruwa, ta sirka, ta taɓa da gwiwar hannu. Ba ta tambayi komai ba, don ta san Kaka da zafi-zafi take so. Ta toshe mata kunnuwa da auduga, ta tallafe ƙeyarta, ta shiga cuɗa 'yar furfurar nan da ba ta cika tafin hannu ba, a hankali, tana 'yar waƙar coci ƙasa-ƙasa. Kaka ta lumshe idanun da dama ba sa gani.

"Kai, 'yar nan, Ubangiji ya yi wa hannunki albarka," in ji Kaka. Ta juya wajen da take jin numfashin Malama. "Ke kuwa yarinya kin more uwa. Ni sau ɗaya nake samu a mako, ke kullum naki ne."

Mama ta yi dariya. "Wannan? Ai wannan tun tana goye take kula da kanta. Ba ta taɓa ba ni wahala ba."

Malama ta matse tawul ɗin har yatsunta suka yi ciwo. Kishi ne, ba shi da wani suna. Mace mai digiri, mai koyar da 'ya'yan mutane, tana kishi da tsohuwa mai shekara tamanin wadda ko haƙori ɗaya ba ta da shi. Ta san abin kunya ne. Kashegari ta durƙusa a coci ta roƙi Ubangiji ya cire mata shi, ta tashi da abinta cif, bai ragu da ko ƙwaya ba.

Ran Laraba, lokacin da ta san Mama na taron matan coci, ta biya gida. Baba na gyangyaɗi a falo da jarida a ƙirji. Ta wuce kicin ta ɗauki alli da hannun hagu, rubutun ya fito a karkace, ba wanda zai ce nata ne. "Mace mai karyayyen hannu, tana son wankin kai da kitso. Benen da ke kallon tashar bas, hawa na biyu, ƙofa ta uku." Ran Juma'a kuma ta aika cewa gobe ba za ta samu fitowa ba, hannun na damunta.

Da hantsin Asabar tana tsaye a taga motar ta tsaya. Auta ya leƙo, ya ɗaga kai ya gan ta, ya girgiza kai kawai. Ashe bai tona ba. Mama ta fito da bokitinta da jakar kayan kitso, ta tsaya tana ƙare wa benen kallo, har ta tambayi mai gyaran waya ta ina ake hawa. Malama ta yi ta fatan Mama za ta gane tun daga allon, ta zo da faɗa. Ga shi ta zo da fara'arta ta zuwa wajen baƙi.

Ta ji takunta a matakala, tana hawa tana hutawa. Sai aka ƙwanƙwasa.

"Gafara dai, masu gida. Daga coci muke. An ce akwai mara lafiya."

Wannan muryar ce, mai taushin nan, wadda Malama ta sha ji a ƙofofin mutane. Ta buɗe.

Mama ta dube ta, ta ja da baya ta ƙirga ƙofofin da yatsa, ta sake dubanta. "A'a, Babba? Ke ma kin zo duba ta ne? Ina matar?"

Idon Mama ya sauka a kan filastar, ya wuce cikin ɗakin, ya ga hotonsu na iyali a kan tebur. Ta ajiye bokitin a hankali.

"Wane irin wasa ne wannan? Allon aikin Ubangiji kika mayar abin wasa? Mutum huɗu ke jirana yau!"

"Akwai ƙarya a abin da na rubuta, Mama?"

Ta sa hannun hagu ta zame ɗankwalin. Mama ta ga kan, ta kama baki. Sai ta tambayi ina ne banɗaki, kuma sai da aka nuna mata.

Ta dafa ruwa, ta sirka, ta taɓa da gwiwar hannu, sai ta tsaya. "Da zafi kike so, ko da ɗumi?"

"Da ɗumi," in ji Malama. Tambayar ta fi karayar ciwo, amma ta sunkuyar da kai. Da hannun ya tallafe ƙeyarta, sai ta gode wa ruwan da ke zubo mata a fuska, don ya rufa mata asiri.

Suka dawo ɗaki, Mama a kujera, Malama a ƙasa tsakanin gwiwoyinta. Mama na tsaga gashin da tsinken mataji, can sai hannunta ya tsaya.

"Furfura? Babba, yaushe?"

"Ta kai shekara uku."

Mama ta gama layi biyu, sannan ta ce, "Me ya sa ba ki faɗa ba? Na tambaye ki a waya, kika ce ba komai."

"Kaka faɗa ta yi? Ke kika bi layi-layi kika nemo ta. Ruwanta ma kin san yadda take so."

"Kaka ba ta da kowa."

"Ni wa nake da shi?"

Mama ta tsaga wani layi. Da ta yi magana, muryar ba ta baƙi ba ce, ba kuma ta faɗa ba. "Ni dai na ɗauka mu masu kaiwa ne. Ban taɓa kawo wa raina cewa a cikinmu akwai wanda za a kai wa ba."

Hannun Mama na da sauri, shekara da shekaru sun koya masa haka, don kullum akwai na gaba. Kafin Malama ta gama jin daɗin abin, an ɗaure layin ƙarshe. Mama ta miƙo mata ɗan madubi, ta duba: layi takwas, sambal, babu wanda ya kauce. A ƙasa Auta ya danna hon sau biyu. Shi ke nan rabonta, abin da bai cika awa guda ba, yanzu za a goge ta daga allo a wuce wajen Kaka. Ta ji Mama ta miƙe, ta ƙi ɗaga kai don kada ta ga ana haɗa kaya.

Taga Mama ta nufa. "Auta! Je ka kai Babanku, ka biya ka ce wa Kaka sai gobe in an taso daga coci."

Malama ta san Kaka na can tun safe ta kwance ɗankwali tana jira, ta kuma san ya kamata ta ce, "A'a, Mama, je ki kawai." Maganar ta zo har bakinta, ta haɗiye ta. Ko ɗigon tausayi ba ta ji ba, gobe ta nemi gafara.

Mama ta dawo ta zauna, ta jawo kan zuwa gwiwarta, ta bi layin farko da yatsa.

"Wannan ya karkace," in ji ta, ta fara tsefewa.