Garin da Baba Gimba Ya Sani

Aikin jinya ya samu ga Hajo, abu ɗaya ya rage: takardar shaidar asali, kuma ranar Juma'a za a rufe karɓa. A Enugu aka haife ta, Inyamuranci a bakinta kamar ruwa, amma a ofis aka ce mata ta tafi garin ubanta ta karɓo. Ita kuwa ko sunan garin ba ta taɓa ji ba.

Ta tarar da mahaifinta, Baba Gimba, zaune a ƙofar ɗakinsu na haya a unguwar Uwani. Tsufa ya fara cin hankalinsa. Yana ɗan shekara shida kawunsa mai fataucin shanu ya kawo shi nan, kawun ya rasu bai mayar da shi ba. Shekara arba'in ya yi yana kwaɓa fulawa a gidan burodin wani Bature ɗan ƙasar Girka, Kosta, mutumin da ba ya iya aiki sai yana ba da labarin ƙauyensu.

Ta durƙusa ta gaishe shi, ta buɗe littafi a cinya.

"Baba, gaya mini garinmu. Ko alama ɗaya ta ishe ni."

Fuskarsa ta washe. "A kan dutse yake. Kafin ki shiga akwai gadar duwatsu, sai marmaro a gindin wata babbar bishiya, sanyinsa har haƙori."

Ta shiga rubutawa da sauri. Rabon da ta ji daɗi haka har ta manta.

"Sojoji sun ƙone shi lokacin yaƙi," ya ci gaba, "gida tara suka tsira. Daga nan sai gonakin zaitun, sai cocin da ƙararrawarsa ta tsage."

Biron ya tsaya. Zaitun da coci. Tun tana goye take jin wannan labarin a gidan burodi, yau ne kawai tsananin buƙata ya rufe mata ido. Ga shi ba wanda za ta ɗora wa laifi. Kosta ya mutu tuntuni, ya bar wa mahaifinta ƙauyensa na Girka, na mahaifin nata kuwa ya ɓace.

"Baba, wannan ai garin Kosta ne. Naka nake tambaya."

Ya dube ta. Sai ya dafa kanta a hankali.

"Ki dai je, Hajo. In kin haye gadar ki ce ke 'yar Gimba ce. Za su ba ki."