Bokiti Bakwai na Paraskovia

A kasuwar Kishinau, babban birnin ƙasarmu, na fara jin zancen, wajen masu sayar da cuku. Wai a ƙauyen Plopeni akwai wata tsohuwa, Paraskovia, da ke saukar da baƙin waje kyauta: kwana da ci da sha, ko lei ɗaya, kuɗin ƙasarmu, ba ta karɓa. Har sunanta ya shiga intanet, masu yawo da jaka a baya suna tura wa juna. Shekara arba'in na yi ina koyar da tarihi, ban taɓa ganin inda banza ta kai zomo kasuwa ba. Ran Juma'a na shiga ƙaramar bas, na sha tafiyar awa biyu da kwandon wata mata a cinyata.

Na same ta a ƙofar gida, gajeriya, hannuwa kamar saiwar itace. Ta ƙare mini kallo.

"Daga wace ƙasa?"

"Daga bas ɗin ƙarfe goma."

Fuskarta ta canza. "Au, 'yar gida ce. Babban ɗaki ya cika, 'yar'uwa."

"Ko bayan murhu ne na kwanta."

Babban ɗakin nata irin na kowa ne: dardumai a bango, matasan kai jibge har rufi, ba mai shiga sai baƙo. Wasu 'yan Holan ne a ciki, wani dogo Wiebe da matarsa Marijke. Aka juye mana mamaliga, tuwonmu na masara, da cuku da soyayyen barkono. Wiebe ya yi ƙari sau uku, yana ta murnar ya tsinci dami a kala.

Da safe Paraskovia ta fito da almakashi biyu da bokitai. Ta yi magana a wayarta, waya ta fassara musu: al'adar kakanni ce, wanda ya kwana a babban ɗaki sai ya yanki inabi bokiti bakwai, in ba haka ba albarkar gidan ta bi shi ta tafi. Suka karɓa jiki na rawa, suka nufi gona.

Na ja ta gefe. "Kakannin wa?"

"Nawa."

"A wane ƙarni?"

"Malama, rage murya mana!" Ta nuna mini gonar da haɓa. "Layi arba'in ne. 'Ya'yana maza biyu suna Italiya, macen tana Ireland. Ɗan ƙwadago ko na magani babu a garin nan. Rediyo ta ce ruwa zai sauko Litinin. In ya sauko a kan inabin nan, noman shekara ya ruɓe."

"To ki roƙe su mana."

"Na gwada. Ki ce wa baƙo ya taimaka, sai ya tuna motarsa ta ƙarfe tara ce. Ki ce masa al'ada, sai ya ɗauki hoto, ya nemi ƙarin bokiti."

Rana ta take, Wiebe ya cika huɗu, ya fara tafiya a duƙe kamar mai neman allura. Ya ji ni malamar tarihi ce kuma ina jin Ingilishi, sai ya nufo ni da waya a hannu.

"Malama, na bincika ko'ina, ban ga wannan al'ada ba. Abokaina shida suna garin Orhei, suna jiran in ce musu su zo gobe ko kada su zo. Gaya mini tsakani da Allah: gaskiya ce, ko wayo ake mana?"

Paraskovia ba ta jin Ingilishi, amma almakashinta ya daina motsi. Mutum shida, ga layi talatin da biyar ba a taɓa ba.

Ban taɓa yi wa ɗalibi ƙarya ba. Na gyara tabarau.

"Abin da ta gaya muku ba daidai ba ne," na ce.

Ya juya wajen matarsa. "Ba na ce ba!"

Na ce, "Sassauci ta yi maka. Bakwai na mata ne. Namiji goma sha biyu yake yanka."

Marijke ta zube a ƙasa tana dariya. Wiebe ya ce, to me ya sa ba a rubuta a ko'ina ba?

"Wa zai rubuta, ɗana? Masu rubutu ba sa yankan inabi."

Ya jinjina kai, ya rubuta wannan ma. Sannan ya aika wa abokansa, yana jaddada musu cewa ya ji daga bakin masaniya.

Da ya koma bakin aiki Paraskovia ta matso. "Me kika ce masa?"

Na gaya mata. Ta dube ni sama da ƙasa, sannan ta miƙo mini bokiti.

"Ke ma a gidan nan kika kwana."

"A bayan murhu dai."

"Na bayan murhu uku ne."

"Tun yaushe?"

"Tun kakanni, Malama. Ke ba ki karanta tarihi ba ne?"

Mutum shidan suka iso da hantsin Lahadi, maza huɗu mata biyu. Babban ɗaki bai ɗauke su ba, amma sai da kowannensu ya shiga ya ɗan kishingiɗa a ciki don al'ada ta hau kansa. Kafin faɗuwar rana an sauke layi na ƙarshe. Ruwa ya zo Litinin da azahar, ina cikin bas, bayana na ciwo.

Paraskovia ba ta karɓar kuɗi a hannun kowa. Al'adar bokiti bakwai shekararta huɗu da kafuwa. Ta goma sha biyu kuwa ran Asabar aka fara ta, kuma ni na kafa ta.