Littafin Bara

Daga Aberdeen zuwa Astoria, a gaɓar tekun yammacin Amurka, tafiyar awa biyu ce. Wendell Haugen ya mayar da ita ta kwana biyu. Duk inda hanya ta leƙa teku sai ya taka birki, ya fito da kyamara. Matarsa Lorna ta ƙirga tsayuwa goma sha ɗaya, sannan ta daina ƙirgawa. Hankalinta yana kujerar baya, inda rigar auren 'yarsu Signe take kwance cikin leda. Wata huɗu ta yi tana ɗinkinta, kuma gobe ne bikin.

Da tsakar rana suka iso bakin ruwan da ake barin motoci su hau rairayi. Wendell ya gangara, ya faka kan yashi mai danshi.

"Wendell, mayar da ita kan kwalta."

"Haba Lorni! Shekara arba'in ina hawa yashin nan." Ya zaro ɗan littafin da ke nuna lokutan cikowar teku, irin wanda kowa a yankin yake ajiyewa a mota. "Ga shi a rubuce. Ruwa ba zai juyo ba sai uku da rabi."

Suka taka mil guda zuwa wasu duwatsu, suka hau tudu ta cikin itatuwa don ya nuna mata inda ya taɓa hango ƙaton kifin nan whale. Babu kifin. Daga can sama Lorna ta waiga. Ruwa yana lasar tayoyin motar.

"Ba ni littafin nan."

Ta duba bango. Na bara ne.

"Ai teku ɗaya ce," in ji Wendell.

"Teku ɗaya ce, tsoho, amma ba ta karanta littafinka ba. Kyauta ake raba sabo a kowane gidan mai!"

"Wannan bai ko yage ba."

Ta gangara da gudu wajen motar. Shekarunta sittin da uku, gwiwarta ɗaya ta ƙarfe ce, amma ta riga shi isa. Ruwa ya kai mata cinya, sanyinsa kamar yankan wuƙa. Ta jira igiyar ruwa ta koma, ta buɗe ƙofar baya, ta ɗora rigar a ka, ta fito.

Wendell ya shiga ya ba da wuta. Tayoyi suka haƙa rami, motar ta zauna daram. Ya fito da takalmi ɗaya.

Lorna ta zauna kan wani gungume, ta buɗe ledar, ta bi gefen rigar da yatsa. A bushe take. Ta kira Signe ta zo ta ɗauke su.

"Mama, Baba fa?"

"Yana nan. Yana ɗaukar hoton motarsa."