Da Sauƙin Goggo Rumasa'u

Ni Suhaila, aikina rakiyar alhazai mata 'yan Afirka ta Kudu daga masaukinsu a Aziziyya zuwa Harami. A bakin wata tsohuwa cikinsu, Hajiya Galima, na tsinci kalmomin yarensu Afirkans, don ita sai ta auna ciwo kafin ta tayar da hankalin kowa. "Ernstig" abu ya yi tsanani. "Dringend" ba ya jira. "Nood" kuwa, a yar da komai a ruga.

Mu fa? Mutum na shure-shuren mutuwa, a tambaye mu jiki, mu ce da sauƙi. Wai kada a yi wa mara lafiya mugun baki.

Ran nan da hantsi ƙanwar babana, Goggo Rumasa'u, ta kira ni daga gidanmu a unguwar Misfala. Umma ta daɗe tana fama da zuciya, kullum tsorona kada ta tafi ba na kusa.

"Goggo, jikin Umma ne?"

"Da sauƙi, 'yar nan. Ki dai zo gida."

Hajiya Galima ta ga fuskata, ta tambaya, na fassara mata. Ta riƙe hannuna. "Dringend ne ko nood?"

"An ce da sauƙi."

"Ba shi na tambaye ki ba," in ji ta.

Na yi dariya. Na ce in mun sallaci la'asar zan leƙa, na jefa wayar a jaka, muka shiga bas.

Bayan an sallame la'asar ladan ya kira sallar gawa, kamar yadda ake yi bayan kowace salla a Harami. Muka miƙe muka yi kabbara huɗu. Wallahi hankalina na kan takalman alhazaina.

Na isa Misfala na tarar da mata cike da falo, gadon Umma an naɗe katifar. Ashe tun kafin Goggo ta kira ni Umma ta cika. Mutuwa ba a faɗarta a waya, in ji Goggo, sai mutum ya zo ya zauna.

"Ina take?"

"Hisham yayanki ya kai ta Harami. La'asar ɗin nan aka sallace ta."

Har yau ina jin haushin Goggo, Allah ya yafe mini. Aikin kuma ban bari ba. Duk sanda ladan ya kira sallar gawa sai in lalubo waya in kira gida in tambayi kowa da sunansa. Su ce lafiya lau. Ba na yarda sai na ji muryar mutum da kunnena.